Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya: Kada Mu Cire Tokara Kafin Lokacinta

 

Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa fatake na Hédzranawoé, da baƙinmu da suka taso daga Agoè-Zongo, Aflao da Cinkassé, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya sake nuna mana wannan rana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

Bana ofis ya ga ya dace mu ɗan ajiye maganar kwastan da kuɗin hanya, mu yi maganar gini. Da yawanmu Allah Ya buɗa musu, wani yana gina shago, wani sito, wani yana ɗora bene a kan gidansa. Tun gobarar babbar kasuwar Adawlato a Janairun 2013, da ta Agoè-Assiyéyé a Disambar 2023, kowa ya fi son ya ajiye dilarsa ƙarƙashin kankare. Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai kafin kankare ya zama mafaka, akwai makonnin da shi kansa abin tsoro ne.

Muna nufin lokacin da aka zuba rufin kankare, wanda magina a nan ke kira dal, a Najeriya kuma dakin. A ranar, ba ginshiƙi ke riƙe da shi ba, ba rodi ba. Katakon da kafinta ya shimfiɗa ne, da sandunan da ya tokare shi da su daga ƙasa.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Shago mai mita 4 da mita 5 zai ɗauki kilo 7,200, wato buhun shinkafa mai kilo 50 guda 144, ban da nauyin leburori da baro. Wa zai yarda a jera masa buhu 144 a kan 'yan sandunan da bai duba ba, sannan ya sa ɗansa ya zauna a ƙasa?

Abin ya faru ga 'yan kasuwa irinmu. A Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, ya danne mutane, aka rasa rai. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani dogon bene da ba a gama ba ya faɗi a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsalarmu mu fatake ita ce ba ma zama. Mai gini yana Kwatano ko Wagadugu, yana ba da umarni ta waya. Kaya sun iso tashar jirgin ruwa, babu wurin sauke su, sai a ce wa kafinta ya cire sanduna a share wuri. Wani lokaci kafintan ne ke gaggawa, don hayar sandunan ya yi, ko wani aiki na jiransa. Kankare kuwa ba ya jin waya. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa masa.

Don haka muna roƙon kowane mamba ya riƙe waɗannan:

Na ɗaya, a samu injiniya da takardar izinin gini daga meri kafin a fara. Shi zai faɗi tazarar sanduna da ranar cire su. Ƙaramin rufi ma ba a taɓa tokararsa kafin mako guda, mai faɗi sai mako biyu, bim mai tsawo har mako uku.

Na biyu, kowace sanda ta tsaya a miƙe a kan katako mai faɗi. Ƙasar Lome yashi ce, in ruwan Yuni ya sauka sanda takan nutse. Kada a ɗora ta kan bulo, kada a haɗa guntaye biyu da ƙusa a ce sanda ce. A ɗaure su da juna ta gicciye.

Na uku, ranar zubawa kada a tara kankare wuri ɗaya, kuma kowa ya fita daga ƙasa in ba mai duba sanduna ba. Bayan nan a riƙa ba rufin ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu.

Na huɗu, muddin tokara na tsaye, babu ajiye kaya a ƙasa, babu kwanan yaran shago, babu mai abinci da za ta fake a inuwar. A sama ma kada a jibge bulo da siminti.

Na biyar, katakon da magina ke takawa a jikin bango a ɗaure shi da ginin, a sa masa makari. Leburan nan ɗan wani ne, amanarsa na wuyan mai gini.

Daga wannan wata ofis zai buɗe littafi. Duk wanda zai zuba dal ya zo ya rubuta ranar, da sunan wakilin da zai tsaya masa in ya yi tafiya. A rubuta ranar da fenti a jikin bango, kowa ya gani. In wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, lambar 'yan kwana-kwana 118 ce.

Iyayenmu, jiran mako uku asarar haya ce ta 'yan jikkuna, ana mayar da ita a tafiya ɗaya. Rai kuwa ba a sayo shi a kowace kasuwa.

Allah Ya tsare mu a hanya da gida, Ya sa albarka a nemanmu, Ya maimaita mana.