Hazon Hunturu da Hayaƙin Murhu



Yau batunmu ƙurar da muke shaƙa ne. Hunturu na kamawa, hazo ya rufe Kano da Damagaram, sai kowa ya ɗora wa iska laifin tari. Gaskiya ne, yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, kuma ba gwamnatin da za ta tare ta. Amma hazo na 'yan watanni ne, hayaƙi kuwa shekara yake yi. Hayaƙin itace, hayaƙin janareta, hayaƙin tayar babbaka. Ku dubi kunkunniyar da ta baƙanta rufin madafa. Irinta ce ke shiga huhun mai girki da na goyon da ke bayanta. Irinta ce kuma, in ta hau sama, take tsotsar zafin rana ta ɗumama iska.

Wani zai ce talaka ba shi da kuɗin gas ɗin da zai maye gurbin itace. Haka ne, shi ya sa nauyin na hukuma ne. Kuɗin da ake warewa don sauyin yanayi, a fara sa shi a murhu mai cin itace kaɗan. Kunkunniya ba ta wuce 'yan makonni a sama, saboda haka amfanin rage ta ba ya jinkiri.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.