Yadda za ka gwada Linux ba tare da ka goge Windows ba

Daga nan Ƙofar Kuyambana nake magana, in kun ji ƙarar babura a yi haƙuri.

Makon jiya wani ƙanena ya shigo min ido jawur. An ce musu a aji kowa ya zo da Linux, shi ko ya ɗora Ubuntu a kan kwamfutarsa, ya zaɓi a goge hadis gaba ɗaya. Babi uku na furojet ɗinsa suka bi ruwa. Abin takaicin, babu abin da ya tilasta masa gogewar.

Akwai wata manhaja, VirtualBox, kyauta ce, tana hannun kamfanin Oracle tun 2010. Aikinta ta ƙirƙiro maka kwamfuta ta biyu a cikin wadda kake da ita. Windows ɗinka ne mai masauki, Ubuntu baƙo. Za ka yanka masa RAM da wani yanki na hadis, sai ya buɗe kamar kowace manhaja. Baƙon nan a cikin fayil yake zaune, in ya lalace ka share shi, takardunka suna nan lafiya lau.

To amma fa baƙo a tukunyar gida yake ci. Yawancinmu laftof ɗin gwanjo muke riƙe, mai RAM 4GB. Ka ba baƙo 2, mai gida ya tashi da 2, duk su biyun sai jan ƙafa. Ni a wurina, in ba ka kai 8GB ba, ko dai ka ƙaro RAM, ko ka nemi mara nauyi irin Lubuntu.

In ya ƙi tashi, kada ka ce kwamfutar ce ta mutu. Shiga BIOS ka kunna VT-x in Intel ce, in AMD ce ka nemi SVM, sau da yawa a kashe suke zuwa.

Sai batun wuta. In batirinka ya mutu aka ɗauke wuta, mai gida da baƙo tare za su faɗi, kuma fayil ɗin baƙon na iya samun matsala. Don haka da ka gama girkawa ka danna Snapshot, zai adana maka yanayin da yake ciki, ko me ya faru can za ka koma.

Ƙanen nawa dai yana can yana sake buga babi na ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalam.