Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ciyar da mu, Ya shayar da mu, Ya nuna mana wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare, na birni da na ƙauye, yau za mu yi magana a kan abin da yake faruwa a gidajenmu da zarar an kira sallar magariba. Da yawa daga cikinmu mukan fita daga watan azumi mun fi yadda muka shiga nauyi. Mutum ya yi kwana 29 ko 30 ba ya sa komai a baki tun ketowar alfijir har faɗuwar rana, amma ranar salla rigar da aka gwada shi a Sha'aban ta matse shi. To, daga ina wannan nauyi ya fito?

Ku sani, yunwar ciki ba ta da wuyar magani. Dabino, da moɗar ruwa, da kunu, da abin da zai miƙar da ƙashin baya, sun ishe ta. Abin da yake sa hannu ya ci gaba da komawa cikin kwano bayan an ƙoshi wata yunwa ce dabam, wadda mazauninta zuciya. Ita wannan ko rumbu guda aka ba ta, ba za ta ce ya isa ba.

Allah Maɗaukaki, a aya ta 31 ta Suratul A'araf, Ya halatta mana ci da sha, kuma a cikin ayar nan Ya hana mu wuce iyaka. Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana raba ciki kashi uku: na abinci, da na abin sha, da na numfashi. Duk mun haddace wannan. Abin da ya rage shi ne mu san me yake hana mu aiki da shi. Amsar tana cikin halayenmu, kuma za mu ambaci huɗu daga ciki.

Na farko, gaggawa. Akwai wanda idan ya ga abu ba ya iya jira. Ladan bai ida kiran salla ba, shi ya riga ya gama da ƙosai ya faɗa wa shinkafa. Likitoci sun bayyana cewa saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, saboda haka mai gaggawa yakan cika cikinsa tun kafin jikinsa ya sanar da shi. Masu binciken halayen ɗan Adam sun lura cewa mutanen da ba sa iya danne sha'awa, da waɗanda ba su da tsari a al'amuransu, sun fi saurin ƙara nauyi yayin da shekaru suke tafiya. Dubi hikimar sunna: a buɗe baki da ɗan abu kaɗan, a tashi a yi salla, sannan a dawo. Raka'a ukun nan suna ba jiki lokacin da yake bukata.

Na biyu, fushi. Mutum ya wuni a kasuwa ko a kan babur cikin zafin rana, wannan ya ɓata masa, wancan ya hana shi bashinsa. Ya haɗiye, domin yana azumi. Da ya zauna gaban akushi, sai ya huce a kan tuwo. Wannan ma yana da bayani. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar gaɓa mai fitar da sinadarin da ake kira kotizol a lokacin ɓacin rai da fargaba. Idan damuwa ta daɗe, sinadarin yana ƙara wa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana kuma taimaka wa kitse ya taru a tumbi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. A riga an huce kafin a wanke hannu.

Na uku, baƙin ciki da kaɗaici. A nan muna kira ga magidanta su buɗe kunnuwansu. Akwai matar da take wuni a madafa tun azahar, ga hayaƙi ga ƙishirwa, a ɗauki abinci a kai waje ba wanda ya ce mata sannu. Akwai wadda mijinta ya tafi ci-rani shekara da shekaru, akwai wadda zaman kishi ya dame ta ba ta da wanda za ta faɗa wa. In dare ya yi sai ta zauna ita kaɗai da sauran tukunya, ta ci ba don yunwa ba, ta ji sanyi na ɗan lokaci, sannan nadama ta biyo baya. Addini bai musanta cewa abinci yana lallashin zuciya ba. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dafa talbina, wani irin kunu mai laushi, idan an yi rasuwa a danginta. Amma ku lura, da hannun ɗan uwa ake miƙa wannan kunu, tare da zama da tausasawa. Kai maigida, kalma mai daɗi da za ka faɗa wa iyalinka bayan shan ruwa tana cikin maganin da muke magana a kai.

Na huɗu, kara da son a gani. Wani ya sha ruwa a gidansa, ya sake a gidan surukai, ya ƙara a fada wurin abokai, ga shayi zagaye uku kowanne da sukari, duk don ba ya iya cewa ya ƙoshi. Daga nan a raba dare ana hira, alhali ƙarancin barci shi ma yana ƙara jin yunwa. Wata kuma an yi ta yi mata gori cewa mijinta ba ya ciyar da ita, har ta je ta sayi ƙwayar ƙiba a hannun masu tallar magani a bakin titi. Daga cikin waɗannan ƙwayoyi akwai masu kumbura jiki, su jawo hawan jini da ciwon sukari. Mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu.

Kada mu ce wannan ciwon ƙasashen masu arziki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa. Mu kanmu muna ganin masu hawan jini da ciwon sukari a gidajenmu, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Kuma wannan yana faruwa a ƙasar da ba ta manta yunwar 2005 ba, inda har yau rumbunan wasu suke ƙarewa kafin kaka. Lomar da ta yi mana yawa har take cutar da mu, ita ce maƙwabcinmu ya rasa.

Sai dai mu yi hattara. Ba kowane mai jiki ne mai yawan ci ba. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai rashin lafiya, akwai magungunan da suke sa ƙiba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana mu yi wa juna izgili da jifa da munanan laƙubba. Gori ba ya rage wa kowa nauyi, sai dai ya ƙara masa baƙin cikin da yake mayar da shi ga kwano. Kowa ya duba kansa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan karya sha'awa biyu, ya kuma fara da ta ciki, domin wanda ya mallake ta sauran za su zo masa da sauƙi. Mun riga mun nuna za mu iya, tunda muna wuni ga ruwa a randa ba mai ganinmu, ba mu sha ba. Abin da muke roƙo shi ne mu ƙetare da wannan haƙuri zuwa bayan magariba. Tun daga daren yau, kowa ya zuba abin da zai ci a kwanonsa sau ɗaya. In hannu ya nemi ƙari, ya dakata ya tambayi kansa: cikina ne yake kira, ko zuciyata? In zuciya ce, ya yi alwala, ya tafi asham da ƙafa, ya nemi ɗan uwa amintacce ya faɗa masa damuwarsa, ragowar kuma ya aika wa mabukaci. Wanda damuwa ta hana shi barci da walwala, da mai ciwon sukari ko hawan jini, su je su ga likita, domin neman magani ba ya rage tawakkali.

Allah Ya ba mu zuciya mai wadatar zuci da jiki mai ƙarfin ibada. Allah Ya yaye wa masu baƙin ciki, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ciyar da masu yunwa, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.