Ƙadandoniya a Cikin Ƙaro: Shaidar da Muka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Lokaci ƙanƙane ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Shekara da shekaru ina jayayya da abokan aikina masu nazarin burbushin halittu a kan abu guda: sun ba manyan ƙasusuwa dukkan hankalinsu, sun bar ƙadandoniya a baya. Alhali kakanninta na cikin dabbobin farko da suka taka doron ƙasa. Kun san labarin Pneumodesmus da aka tono a Sikotilan, mai shekara fiye da miliyan 400, da ƙaton Arthropleura da tsayinsa ya haura mita biyu. Ba zan maimaita ba.

Hujjata tana kwarin Hukawng, a jihar Kachin ta ƙasar Myanmar. A can ne ake haƙo ƙaron itace da ya daskare tun shekara miliyan 99 da suka wuce. Dutse yakan murƙushe jikin ƙadandoniya, ya bar mana inuwarta kawai. Ƙaro kuwa yakan rufe ta gaba ɗaya, da gashinta, da idanunta, da ƙafafun da namiji ke barbara da su, waɗanda da su ne masana ke bambance jinsi da jinsi.

A 2018, Thomas Wesener da Leif Moritz sun duba ƙadandoniya fiye da 450 a cikin wannan ƙaro. Sun tarar da rukuni 13 daga cikin manyan rukunai 16 da ke raye yau. Ku sake saurara: 13 cikin 16. Ma'ana, tun dinoso na yawo a dazuzzuka, yawancin manyan rassan wannan dangi sun riga sun rabu, kowane ya kama hanyarsa. Shekara guda bayan haka, su biyun tare da Pavel Stoev suka bayyana Burmanopetalum inexpectatum, 'yar mitsitsiya mai tsayin milimita 8.2, wadda aka ga surarta ta hanyar na'urar hoto mai ratsa jiki ba tare da an fasa ƙaron ba. Siffarta ta bambanta har sai da aka buɗe mata sabon ƙaramin rukuni.

Wasu na cewa ƙaro yana kama ƙananan halittu ne kawai, don haka shaidarsa gurguwa ce. To, wace shaida ce ba ta da gibi? Mu yi aiki da abin da ke hannu.

Damuwa ta gaskiya ita ce inda ƙaron yake fitowa. Kachin filin yaƙi ne, kuma ana tsallakar da ƙaron zuwa kasuwar Tengchong a Sin, daga nan ya shige akwatunan masu tara kayan tarihi na kansu. Matsayina bai canza ba: kada a bayyana sabon jinsi sai samfurinsa yana gidan adana na hukuma, an san yadda aka samo shi, an kuma sa masanan Myanmar cikin aikin. Hotunan na'ura a buɗe su ga kowa.

Ku kuma ɗalibai, damina na fitar mana da ƙadandoniya a gonakin gyaɗa da ƙarƙashin busassun ganye. Wanda bai san mai rai ba, ba zai gane wadda ke cikin ƙaro ba. Ku fita ku tattara, ku rubuta wuri da rana, ku kawo ɗakin bincike.