Yaya Ake Gane Dutse Zai Yi Aman Wuta?

Wani mai sauraronmu daga Kakuri, nan Kaduna, ya aiko yana tambaya: shin ana iya gane dutse zai yi aman wuta, ko kuwa sai dai a wayi gari a ga wuta?

To malam, ana iya ganewa, domin dutse yakan nuna alamu. Masana kan kafa na'urori a jikinsa, suna duba su dare da rana. Wata tana auna ƙananan girgizar ƙasa, wata tana auna kumburin dutsen yayin da narkakken dutse ke tasowa daga ciki, wata kuma tana auna hayaƙin farar wuta. In aka ga alƙaluman yau sun zarce na jiya, sai a gargaɗi jama'a.

Haka aka yi a Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991, aka kwashe dubban mutane kafin ya fashe ran 15 ga Yuni. Amma a Tafkin Nyos, nan maƙwabciyarmu Kamaru, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ba a kafa irin waɗannan na'urori ba. A daren 21 ga Agusta 1986 guba ta taso daga ruwan, ta hallaka mutum fiye da 1,700. Sai a 2001 aka sa bututun rage iskar.

Ka ga ke nan, rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu, amin.