Jijiyar Zuciya Idan Ta Toshe Ɗungurungum



Manomin da ƙirjinsa ke ɗaurewa da zarar ya kama garma, ya saki idan ya huta, mai yiwuwa jijiyar da ke shayar da zuciyarsa ce ta toshe. Idan toshewar ta cika, ta kuma kai wata 3, maiƙon da ya toshe ta ya taurare, buɗe ta sai gwani.

Hanyoyin magance ta biyu ne. Hanyar farko tiyata ce: a buɗe ƙirji, a ciro jijiya daga ƙafa ko cikin ƙirjin, a yi wa jini kewaye. Likita René Favaloro ya inganta ta a Amurka a 1967. Ta biyu, wadda Andreas Grüntzig ya fara a Zurik a 1977, ba a tsaga ƙirji. Ana zura siririyar roba ta wuyan hannu ko matsematsi, a hura balan-balan, a bar ragar ƙarfe a ciki.

Kowa zai so ta biyu, don kwana ɗaya ko biyu an sallame shi. Amma a jijiyar da ta toshe gaba ɗaya, babban amfaninta shi ne rage ciwon ƙirji. Ba a tabbatar tana ƙara tsawon rai ba. Mai ciwon suga da jijiyoyi uku suka lalace, tiyata ta fi masa.

Sannan ragar nan tana da sharaɗi: maganin hana daskarewar jini kullum, na tsawon watanni. Wanda kuɗin magani zai yanke masa kafin kaka, ya faɗa wa likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun kafin a zaɓa masa hanya.