Aron Kalma Tsakanin Farisanci da Faransanci



Wanda ya shiga shago a Tehran ya biya kuɗin kaya, sau da yawa zai ji mai shagon ya ce masa "mersi". Kalmar godiya ce ta Faransanci, amma ta zauna daram a bakin Bafarise. Na'urar da ke hawa da mutane bene suna kiranta asansor, rigar da mata ke ɗorawa in za su fita manto ce, jarrabawar shiga jami'a da ke hana iyaye da 'ya'ya barci kuwa konkur. Ko watannin Miladiyya da lafazin Faransawa suke faɗarsu.

Yaya aka yi haka, alhali Faransa ba ta taɓa mulkin Iran, wato Farisa, ba? A 1807 Napoleon na Faransa da Fath Ali Shah, sarkin Farisa, sun ƙulla yarjejeniya, hafsoshin Faransa suka je horar da sojojin Farisa. Babbar ƙofa kuwa makaranta ce. A 1851 aka buɗe Darul Funun, wadda waziri Amir Kabir ya assasa a Tehran don koyar da likitanci da injiniyanci da dabarun yaƙi. Malaman farko daga Ostiriya aka ɗauko su, amma da Faransanci suke ba da darasi, tafinta na mayarwa. Daga nan aka riƙa tura samari karatu Paris, suna dawowa da ilimi tare da sunayen kayan aikinsa.

Sai dai kafin Farisawa su ɗebo daga rijiyar Faransa, Faransawa sun daɗe suna sha daga tasu. Tun 1634 André du Ryer ya fassara wani ɓangare na Gulistan, littafin Sa'adi na Shiraz. Jean Chardin, mai fataucin duwatsu masu daraja, ya yi shekaru a Isfahan ya rubuta abin da ya gani. A 1721 marubuci Montesquieu ya sa Farisawa biyu da ya ƙirƙira a littafinsa, Usbek da Rica, suka zama idon da ya duba aibin ƙasarsa da shi. Jules Mohl ya ƙarar da rayuwarsa kan fassarar Shahnama ta Firdausi: an fara bugawa a 1838, ba a kammala ba sai 1878, bayan rasuwarsa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Lazare Carnot, jigo a juyin juya halin Faransa. Don ƙaunar da yake yi wa mawaƙin Shiraz, ya raɗa wa ɗansa suna Sadi. Ɗan ya zama masanin da ya aza harsashin ilimin yadda zafi ke juyawa ya zama ƙarfin inji. Jikan Lazare, shi ma Sadi, ya shugabanci Faransa daga 1887 zuwa 1894. Jama'a, mutum ba ya sa wa ɗansa sunan wanda ya raina.

Mu ma muna da rabo a wannan tafiya. Kalmar Farisanci "tasht" ta shiga Larabci, daga can ta rabu biyu: Faransawa suka samu "tasse", kofin shayinsu, mu kuma muka samu tasar da ake zuba mana tuwo. Haka sukari ya ratso Farisa da ƙasar Larabawa kafin ya iso gare su da gare mu.

Farisawa ba su bar harshensu sakaka ba. A 1935 sun kafa Farhangestan, majalisar ƙirƙirar kalmomi, kuma a zamanin ne "daneshgah", wato mazaunin ilimi, ta kafu a matsayin jami'a. Wasu baƙin kalmomin sun kau, mersi kuwa tana nan.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, aro bai rage wa Farisanci daraja ba, domin yana da Sa'adi da Firdausi da zai miƙa wa wanda ya ara masa. Bahaushen Damagaram da ke cewa jandarma, da na Kano da ke cewa mota, ba su yi laifi ba. Aikin da ke kanmu shi ne mu rubuta, mu fassara namu zuwa wasu harsuna, har a samu baƙon da zai ba da shekarunsa ga littafin Hausa kamar yadda Mohl ya ba da nasa ga Shahnama.